Kore Shar

Kwas ɗin kwamfuta na kwana uku na yi a Sakkwato, na dawo ofishinmu na Tambuwal ana ce mini Injiniya, ni ma ina amsawa. Ni na sa wa babbar kwamfutarmu manhajar maganin bairos, na bar shafin sarrafa ta a buɗe a intanet don in riƙa leƙawa ta waya.

Ran nan masu manhajar suka aiko saƙo, wai akwai kafa a shafin, ɓarawo na iya shiga ba lambar sirri, a sabunta maza. Na yi dariya. Maigadi kuma za a nemo wa maigadi? Na goge saƙon, na tafi ɗaurin aure Kebbe.

Ina tsaka da cin shinkafa, shugabar sashenmu Hajiya Balki ta kira.

"Injiniya, sunayen manoman Fakku da za a ba taki sun ɓace."

Na duba waya. Alamar lafiya na nan a shafin manhajar, kore shar.

"Ranki ya daɗe, ni kore nika gani."

"Mi kaka gani?"

"Kore. Shar."

"To zo ka gaya wa mutanen Fakku, ga su bakin ƙofa."

Ashe wani ya shiga ta kafar nan ya kashe maganin, ya goge sunayen, ya bar mini koren. Sati biyu muna sake rubuta sunaye da biro. Har yau ban gane yadda abu zai mutu yana cewa lafiya lau ba.

Bara babur ya kayar da ni na karye. Hajiya ta zo dubiya, ta kalli ƙafar a ɗaure, ta ce, "Sannu Injiniya. Kore shar dai ko?"