Ranar Da Na Goge Ƙarfen Ƙafar Baffa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe gaban likita ina jiran yabo ba. Har yau in na ɗauki soson waya sai ta faɗo mini a rai.

Shekarar da na gama sakandare ne bijimi ya take Baffa, mahaifina, a hanyar kasuwar Ƙaraye, har ƙashin ƙwaurinsa ya fito waje. Mai ɗori ya duba ya ce wannan ta fi ƙarfinsa. A wani asibiti a Kano aka soka masa ƙusoshi huɗu cikin ƙashin, kawunansu a waje, aka haɗe su da sandar ƙarfe. Likita ya ce ƙafa za ta tsira in dai ƙwayar cuta ba ta bi ƙusa ta shiga ƙashi ba. In ta shiga kuwa, sai yankewa. Ya miƙo takarda, kowa ya ce a ba ni, ni ce mai boko. Na cusa ta cikin littafina na kiwon lafiya (a raina na ce me zai faɗa da ban sani ba).

Da muka koma garinmu Beli har sunana ya zama "Likita". Ni kuwa na amsa.

Bayan kwana biyar na lura ƙusoshin nan dishi-dishi suke, kamar gindin tsohuwar tukunya. Ai a makaranta an ce datti ne tushen cuta. Na kwaso toka da yashi, na ɗauko soson wayar da Inna ke wanke tukwane da shi.

"Ke Likita, haka aka ce ki yi?" in ji Inna.

"Inna, ku dai ku zuba ido."

Baffa yana cije baki yana cewa, "Ƙyale ta, ita ta yi karatu." Na dirje su har gindin fata, suka riƙa walƙiya. Maƙwabta ma sai da suka shigo kallo.

Ranar komawa asibiti, likita ya ɗaga zane ya duba. Ya cire tabarau.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Na miƙe, na gyara mayafi. "Ni ce, ranka ya daɗe. Sau uku ma."

"Da me?"

"Toka da yashi da soson waya."

Nas ta ce, "Innalillahi!"

"Yarinya, dishin da kika kankare ba datti ba ne. Azurfa ce aka shafa wa ƙarfen don ta riƙa kashe ƙwayoyin cuta. Kin kori maigadi, kin kuma buɗe wa ɓarawo ƙofa." Ya danna gefen ƙusa ɗaya, sai ga mugunya. "Ba na ba ku takarda ba?"

Littafin yana hannuna (na zo da shi ne don a san ni ma ta gida ce). Na zaro takardar, ko ninkinta ban taɓa warwarewa ba. Ya ce in karanta layin farko kowa ya ji. Na karanta: kada a goge ƙarfen da komai, sai auduga da tafasasshen ruwan gishiri.

Wani tsoho a gadon kusa ya ce, "'Yan mata, in kin gama, ga butata nan ita ma ta yi duhu."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Baffa kaɗai bai yi ba, ƙafarsa yake kallo. Wannan kallon ya fi mini mari zafi.

Sati uku aka riƙe shi, allura safe da yamma, aka canza ƙusoshi biyu. Duk likitan da ya doso gadon, hannunsa nake fara dubawa, ko da zarto ya zo. Allah dai ya rufa asiri, ƙafa ta tsira.

Yanzu Baffa yana bin shanunsa da ƙafa biyu. Amma in ya gan ni da soso, sai ya janye ƙafar cikin riga ya ce, "Likita, yau ba ma buƙata."

Ni kuwa tun daga ranar, ko ƙosai aka ƙunso mini a takarda, sai na karanta ta tukuna kafin in ci.