Tsaga Talatin da Ɗaya a Goran Labbo

"…ya kuma gajiyar tsufa?" in ji Mubina, tana tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin kakanta Labbo a unguwar Badariya.

"Tsufa na can gidan ubanki. Amarya, ke ce da sassafe haka? Yajin ya ƙare?"

"Wa zai yi yaji don miji mai haƙora huɗu?"

"Biyar."

"Huɗu. Na ƙirga da Sallah, kana kokawa da tsire."

Mubina ba ta da lokaci. Sana'arta kai baƙi yawon buɗe ido, yau kuma mutum goma sha huɗu ke jiranta a unguwar Gesse. Mota mai kujera goma sha takwas, tashi ƙarfe takwas, kilomita hamsin da 'yan kai zuwa Argungu. Gidan tarihin Kanta awa ɗaya, bakin kogin Matan Fada awa biyu. Abu guda ya rage: ta yi wa baƙin alkawarin za su taɓa goran masunta na gaske, irin wanda ake kifa ciki a kai ana yawo bisa ruwa da homa, ragar kamun kifi, a hannu. Ga shi can rataye a bango, ya yi baƙi don shan hannu.

"Goranka na zo aro, ango. La'asar zan maido."

"Goran nan ba shi tahiya babu mai shi."

"Mai shin da ke hutawa sau uku kafin ya kai masallaci?"

"Gaisawa nika yi da mutane! Ke da ko kwalbati ba ki iya tsallakewa, mi kin sani ga ruwa? Da goran ga na kama giwan ruwan da sai da ƙarti shida sunka ɗauka."

"Bara huɗu ka ce."

"Kifin na girma."

"Shekara arba'in bayan an cinye shi?"

Labbo ya yi dariya har da tari. Sai kuma ya ɗaga kai, yana kallon bangon.

"Shekara tara rabona da Matan Fada," ya ce. "Ubanki Maliki ya ce gwiwa, likita ya ce gwiwa. Kowa gwiwa. Ni ba shiga zan yi ba. Ƙahwa kawai zan tsoma."

Mubina ta dubi agogo. Bakwai da minti ashirin. Ta san faɗan da mahaifinta zai yi in ya ji. Don kada su haɗa ido da tsohon, ta sauko da goran tana juya shi. A wuyansa akwai 'yan tsage-tsage na wuƙa, a jere. Kafin ta ankara bakinta ya fara aikinsa.

"Talatin da ɗaya. Wannan fa?"

"Duk shekarar da na shiga su na hito da kifi, tsaga guda."

"To na kama ka! Kullum kana cika mana baki sau talatin da biyu ka shiga. Ina ɗayar? Ko ɓera ya ci?"

"Ɗayar ban kama komi ba."

"Sarkin ruwa guda? Ko ɗan tarwaɗa?"

"Ko ƙaya. An buga bindiga, dubban mutane sun ruga cikin ruwa, ni ma na ruga. Ina ɗaga kai sai ga wata yarinya bakin gaɓa da ƙwaryar hura, ta ɗaura zane shuɗi. Awa guda ina bisa goran ga ina zagaye wuri ɗaya kamar an ɗaure ni. Da na hito homa wayam, ta dube ni ta ce, 'Malam, wanka ka zo?'"

"Wace mara kunya ce wannan?"

"Kakarki Laure. Bayan wata huɗu anka ɗaura aure."

Mubina ta tsaya da goran a hannu. Shekara tara ke nan da rasuwar Laure. Ba ta taɓa haɗa lissafin biyu ba sai yau.

"Itacen da ta tsaya ƙarƙashinsa nika son in gani ko yana nan," in ji Labbo. "In kin kai ni, goran ya zama naki. Sadakinki ke nan, kada ki sake tambaya ta."

"Tsohon gora? Kai dai marowacin miji ne." Ta share ido da gefen mayafi. "Baƙi sha huɗu, da ni sha biyar. Saura kujera uku: ɗaya kai, ɗaya gora, ɗaya gwiwar. Baba kuma ni zan ji da shi. Ƙafa a ruwa minti goma, ina ƙirgawa."

"Ashirin."

"Sha biyar. Ɗauko hularka. Ina wuƙar nan taka?"

"Yanka ni za ki yi tun ba mu tashi ba?"

"Lissafi zan gyara."

Ta zauna a bakin gado, ta ɗora goran a cinya, ta sa bakin wuƙar kusa da tsaga ta ƙarshe. Labbo ya leƙo, hula a karkace, yana dariya da haƙoransa huɗu.

"Yi ta babba, amarya. Ta hi su duka nauyi."