Ta'aziyyar da Na Kai wa Ramesh

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaisuwar mutuwa a unguwar Karama ta Dubai, na buɗe baki na ce wa mutum uwarsa ba ta taɓa wanzuwa ba.

Ramesh ɗan Indiya ne, Bahindu, mai shagon yadi a Al Buteen. Shekara da shekaru duk na sauka Dubai sari, shagonsa ne wajen zamana. Muna hira da guntun Larabci da guntun Turanci (nawa Turancin na aji uku ne, shi ma da bulala aka ɗura min). Ni kuwa tsokana ce sana'ata ta biyu. Wata rana na tambaye shi gumakan nasu nawa ne, don in ga ko zai ƙule. Ko a jikinsa. Ya ce a karatun da yake bi, abu ɗaya tak ke akwai, babu na biyu. Ya ce in dubi tulu da randa da kasko, suna uku, siffa uku, amma duk yumɓu ne. Ganin da muke yi wa kanmu daban-daban, ni Alhaji, shi Ramesh, shi suke kira maya, wato ruɗi, kamar mafarki.

Ya yi bayani mai tsawo. Ni dai kalma biyu na tsinta, ruɗi da mafarki, na bar masa sauran. Har burga na riƙa yi da su a masauki, ina gaya wa 'yan Kano na gama karance Indiyawa.

Sai tsohuwarsa ta rasu. A mota na shiga tunanin abin da zan ce. A gida an san gaisuwa, an san addu'a. Nan fa? Sai dabara ta faɗo min: in lallashe shi da iliminsu, ya san yana da aboki mai kai.

Na tarar da falo cike, kowa cikin fararen kaya, zaune a ƙasa. Ga hoton tsohuwar an rataya masa furanni. Ba mai ko tari. Na kutsa da babbar rigata, na riƙe hannun Ramesh, na ɗaga murya irin ta kasuwa don na baya su amfana.

"Habibi, khalas, daina kuka. Mama babu ita tun farko. Maya ce. Mafarki kawai ka yi."

Wata dattijuwa, ashe yayarsa ce, ta toshe baki da gefen mayafinta. Wani tsoho ya kafe ni da ido. Ni ko ina tsaye ina jiran a jinjina min.

Ramesh bai saki hannuna ba. Ya ce a hankali, "Alhaji, yumɓu ɗaya ne, gaskiya. Amma a wannan tulun na sha ruwa shekara hamsin."

Wallahi duk sanyin na'urar falon nan, gumi ne ya jiƙe min hula. Ya matsa ya ba ni wuri kusa da shi, ya ƙara da cewa maya ba wai babu ba ce, gurguwar fahimta ce, kuma shi bai kai matsayin waɗanda suka farka ba. Na zauna ina ƙirga zaren darduma. Da na tashi tafiya, takalmin wani na fara zurawa.

Zuwa biyu na yi Dubai ina zagaye layinsa, cikin ranar nan mai narka kwalta, don na tabbata na kashe zumuncin da bakina. A na uku ya hango ni ina rakuɓewa bayan masu turin kaya. Ya ƙwala min kira, ya jawo kujera, ya hau tambayar iyali. Har yau bai tayar da maganar ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Tun daga nan, duk gidan makokin da ban san me ake cewa ba, zama nake yi in kama bakina. Da na ba uwargidana Hajiya labari, cewa ta yi ko a Kano ma in riƙa yin hakan.