Yadda Ake Barin Aji Bakwai Ido a Bushe

Kai ɗan aji bakwai da ka duba ka ga saura kwanaki a sallame ku, matso kusa. Na san abin da ke cin ranka, kuma ba jarrabawa ba ce. Tsoro kake ranar rabuwa ta zo, ka tsaya gaban abokinka, leɓe ya kama rawa, hanci ya kama zuba, 'yan aji biyar na kallo. Kwantar da hankalinka. Ga matakai bakwai, duk wanda ya bi su zai fita makaranta ido a bushe, wannan na ɗaukar maka alkawari. Ba ni na ƙaga su ba. Daga Riskuwa na samo su, wani ɗan manomin shinkafa da ya gama firamare a Birnin Kebbi a ƙarshen shekarar da aka sami 'yancin kai, wanda har yau yake rantsuwa cewa rabonsa da kuka tun ranar da aka yaye shi.

1. Kada ka yi aboki tun farko

Wannan shi ne mataki mafi sauƙi, kuma ka riga ka makara. Riskuwa ma ya makara, amma dai ya gwada. Suna aji biyar aka kawo musu baƙon yaro, Elias, ɗan akawun gidan waya da aka yi wa canjin aiki daga ƙasar Jos. Ya shigo da takalmi sau-ciki har da safa, a tsakiyar bazara. Malam ya duba, babu gurbi sai bencin Riskuwa. Riskuwa ya ɗauki alli ya ja layi a tsakiyar bencin.

"Nan nawa na, can naka na," in ji shi. "In gwiwarka ta ƙetare, kai ka sani."

Layin ya yi kwana uku. Rana ta huɗu Elias ya kwance ƙunshin gyaɗa mai sukari da uwarsa Sara ta soya masa, ƙanshi ya ƙetare layi bai nemi izinin kowa ba. Kafin a tashi, Riskuwa da kansa ya goge allin da hannun riga. Saboda haka in za ka ja layi, toshe hanci tukuna.

2. In ka yi abokin, kada ku ƙulla raba-daidai

Ga wanda bai yi yarinta ba, raba-daidai alkawari ne. Ku sarƙe ƙananan yatsu gaban shaida. Daga ranar, duk wanda ya kama ɗan'uwansa da abin ci a hannu ya ce "raba daidai", rabi ya zama nasa, babu roƙo, babu ɗaukaka ƙara. Ba ya kuma warwarewa sai kun sake sarƙe yatsun, shaidar nan ya sa gefen hannu ya yanke tsakani.

Riskuwa da Elias sun ƙulla nasu gaban Kalilu, manitan ajinsu, suka shekara uku suna raba duniya. Rake, hoce (gasasshiyar wainar dawa), busasshen kifi, naman layya, naman Kirsimeti. An taɓa ganinsu sun durƙusa suna raba soyayyiyar fara guda ɗaya, suna gardamar wa zai ɗauki wajen kai.

Illar abin ita ce ba ya tsayawa a ciki. Ranar bikin 'yancin kai an ba kowane yaro 'yar tuta ta takarda, Riskuwa kuwa yana gida zazzaɓi ya kayar da shi. Da ya dawo, Elias ya sa reza ya tsaga tasa ta tsakiyar farin, kowa ya sami kore ɗaya. Labari ya kai kunnen hedimasta, Malam Abdussamadu.

"Kai Elias, tutar ƙasa kay yanke da reza?"

"Malam, Riskuwa bai samu ba."

"Bulala shidda."

Riskuwa, da ko ƙafafunsa ba su gama ƙwari ba, ya ɗaga hannu daga baya. "Malam, raba daidai."

"Mi kac ce?"

Kalilu ya tashi ya yi bayani. Hedimasta ya juya ya daɗe yana kallon allo, kafaɗunsa na motsi, sannan ya ba kowa uku. Masana sun tabbatar cewa wanda kuka raba bulala da shi ya fi wuyar rabuwa da wanda kuka raba nama sau goma. Ni ne masanan.

3. In ka ji zai tafi, ka ce "to"

Saura mako uku a rufe makaranta Elias ya faɗa masa, suna sharar gindin dalbejiya. An mayar da babansa Jos, shi ma ya sami kwaleji a can, za su tashi gaba ɗaya. Riskuwa kuwa Argungu aka nema masa, koyon aikin malamin gona, zai zauna wurin kawunsa Hodi.

A nan ake gane gwani. Kada ka tambayi nisan garin. Kada ka ce yaushe za ku dawo. Riskuwa ko ɗagowa bai yi daga tsintsiya ba.

"To. Allah shi kiyaye hanya."

"Ba yau za mu tahi ba hwa," in ji Elias.

"Na ji. Na dai riga na hwaɗi, kar in mance."

Daga nan ya zaga bayan makaranta, inda ake hango fadama, ya zauna har aka kaɗa ƙararrawa. Gaskiyar magana baƙin ciki ne ya cika shi, irin wanda bai taɓa ji ba, ya rasa kuma wa zai gaya wa, domin wanda ya saba gaya wa komai shi ne zai tafi. A wurin ya yanke shawara cewa in ya yi sallama da Elias a matsayin aboki, to zai yi abin kunya gaban jama'a. Gara a rabu ana fushi.

4. Nemi faɗa

Mai fushi ba ya kuka, wannan kowa ya sani. Matsalar ita ce Elias ba ya faɗa. Riskuwa ya ce rubutunsa ya yi kama da tafiyar kaza, Elias ya duba ya ce ai kuwa haka ne. Ya tuna masa ranar da ya fara koya masa iyo ya sha rabin gulbi, Elias ya yi dariya har da riƙe ciki.

In abokinka irin wannan ne, sai ka taɓa abin da ba a taɓawa. Ranar Laraba da aka fita tara, Riskuwa ya sayi hoce mai zafi ya tsaya inda ya san za a gan shi. Elias ya taho a guje yana murna.

"Raba daidai!"

Riskuwa ya dube shi ido cikin ido, ya tura hocen gaba ɗaya a baki. Hoce kuwa ba abin da ake yi wa gaggawa ba ne. Ya tsaya masa a wuya, idanu suka firfito, sai da Kalilu ya yi ta dukan bayansa. Elias ya tsaya da hannunsa a miƙe, sannan ya mayar da shi aljihu ya koma aji. Da Riskuwa ya shigo, sai ya tarar da sabon layin alli a tsakiyar benci, kuma ba shi ya ja ba.

Nasara ke nan. In ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji bayan wannan mataki, hocen ne.

5. Yi ƙoƙari a yanke alkawarin

Kada ka bar aiki rabi. Bayan kwana biyu Riskuwa ya jawo Kalilu har benci, ya miƙa ƙaramin yatsa, yana kallon taga.

"Kalilu, hwaɗa mashi shi kawo yatsa a yanke."

"Elias, wai ka kawo yatsa a yanke."

Elias ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinya ya zauna a kansu. "Hwaɗa mashi ni ban ƙulla don a yanke ba."

Kalilu ya ce shi manita ne, ba alƙali ba, ya yi tafiyarsa. Wannan mataki Riskuwa bai ci shi ba, kuma ina roƙonka ka riƙe wannan a ranka, domin daga nan ɓarnar ta shigo.

6. Sa albasa a aljihu

Ko ka shirya yaya, ido ba shi da amana. Saboda haka ka tanadi wanda za ka ɗora wa laifi. Mu Allah ya hore mana albasa, ja, mai yaji, wadda ko ƙato ya gatsa sai ya share fuska. Da ka ji abin na tahowa, ciro ta ka gatsa. Duk wanda ya ga hawaye zai ga dalilinsu a hannunka.

Riskuwa ya zaɓi babba daga kwandon innarsa ya je da ita ranar sallama. Malam Abdussamadu ya yi jawabi, ya ce su ne manyan gobe na sabuwar ƙasa, muryarsa ta ɗan shaƙe, ya ce tari ne. Aka yi waƙa, aka miƙa wa kowa takardar shaida. Riskuwa ya kafe idonsa a rufin aji yana ƙirga azara, ya sami arba'in da ɗaya, ya sake ƙirgawa. Ana cewa a tashi ya sulale ta baya, bai yi sallama da kowa ba, albasarsa ko ƙwarzane babu. Ya isa gida yana jin kansa namijin duniya, sai dai tuwon da aka ba shi ya kasa ci.

7. Bincika wace mota za ka shiga

Wannan ne Riskuwa bai yi ba. Motar da za ta Sakkwato ranar Talata guda ɗaya ce, ta Maliki direba, kuma duk mai zuwa Jos ta Sakkwato zai bi, duk mai zuwa Sakkwato ta Argungu zai ratsa. Riskuwa ya iso tasha da akwatinsa na kwano a ka, ya tarar ana ɗora gadon su Elias.

Sara ta hango shi daga gidan gaba. "Riskuwa, ɗana! Kwana biyu ka guje mu. Laifin me muka yi?"

"Ba komi, Mama," ya ce da ƙasa.

Aka jera su a katako ɗaya a baya, tsakaninsu wata dattijuwa mai fataucin kifi, Nana, mutuniyar Gulma. Mota ta tashi. Riskuwa ya kalli gabas, Elias ya kalli yamma. Aka wuce Zauro, mutane na ta yankan shinkafa a fadama. Nana ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Ku ɗiyan ga, riga iri ɗaya, baki iri ɗaya. Halan hwaɗa kunka yi?"

"Ban san shi ba," in ji Riskuwa.

"Awo," ta ce. "Shi ya sa ka aza ƙahwa bisa akwatinshi kar shi zame."

Riskuwa ya janye ƙafar. Da aka shiga gargada ya mayar da ita. Kowace bishiya da ta wuce yana jin hanyar na ƙarewa, yana kuma sane cewa in ya sauka a haka, shi ke nan, hocen nan ne abu na ƙarshe da Elias zai tuna da shi. Ya buɗe baki sau biyu, girman kai ya rufe masa.

A Argungu Maliki ya tsaya zuba wa mota ruwa. Riskuwa ya diro, aka miƙo masa akwati. Ya tsaya a gefen motar, leɓe ya fara abin da aka ji tsoro. Ya yi maza ya ciro albasa ya kai baki.

"Raba daidai."

Ya ɗaga kai. Elias ya leƙo ta saman katakon mota, hannu a miƙe.

"Albasa ta hwa," in ji Riskuwa.

"Na gani. Raba daidai."

Babu roƙo, babu ɗaukaka ƙara. Nana ta miƙo wuƙarta ta gyaran kifi. Riskuwa ya ɗora albasar a kan akwati, ya auna, ya sake aunawa, ya tsaga ta, ya miƙa rabi sama.

"Naka ya hi girma," in ji Elias.

"Ƙarya kakai. Diba da kyau."

Suka gatsa tare. Abin da ya biyo baya, duk tashar Argungu ta gani. Hawaye har haɓa, hanci na zuba, kafaɗa na rawa.

"Albasar ga akwai yaji," in ji Riskuwa da ƙyar.

"Awo. Ban taɓa cin irinta ba."

"Hocen nan ma... ko daɗi babu. Saura kaɗan shi kashe ni."

"Na sani. Ni na ce ma Kalilu shi buga maka baya."

Maliki ya tayar da mota. Elias ya zuro ƙaramin yatsa, Riskuwa ya yi ɗage ya sarƙe da nasa, ya bi motar da gudu har ta fi ƙarfinsa, yatsun suka zame. Daga nesa ya jiyo Elias yana ihu da baki cike da albasa.

"Wannan ba yankewa ba ta! Kalilu bai nan!"

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. In hoce ya shaƙe ka, in innarka ta nemi albasarta, in ka yi abin kunya a tasha, kai da wanda ya haife ka. Alkawarin da na ɗauka a farko na busasshen ido ne a makaranta, ban ce komai a kan tasha ba. Riskuwa dai har gobe yana nan a kan bakansa cewa albasa ce, kuma ni na yarda da shi. Nana ce kawai ke ɓata lissafi. Ta ce ita tana tsakaninsu, tun daga Zauro kafaɗunta biyu suka jiƙe, alhali albasar tana cikin aljihu.