Rasuwar Zinariya, Kilifar da Ta Bar Baba da Rabin Aski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi kuma ya cinye rabinta, Mai Aski na shagon da ke jikin rumfar mai faci yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa sunkuyar da kai a kujerarsa, rasuwar kilifarsa mai caji wadda aka fi sani da Zinariya. Ta cika da hantsi, tana tsakiyar aiki, ba tare da ta yi wa kowa sallama ba. Ba tsufa ta yi ba, ba ta faɗi ƙasa ba, ruwa bai taɓa ta ba. Kamar kullum aka tashi da ita, cajinta a cike, haƙoranta sun sha mai.

Marigayiya 'yar asalin kantin araha ce, wancan na bayan tasha. Duk wanda ya san kantin ya san ba a fita da abin da aka shiga nema. Mutum zai shiga sayen soson wanka, ya fito rungume da bokiti da furen roba da tocila mai rediyo, yana ta murna ya ci riba. Mai Aski ma mataji da hoda ya je saye. A can ƙarshen layin kofuna ya ci karo da wani ƙaton kwando da aka manna wa jar takarda, wai ka sayi ɗaya ka ɗauki ɗaya kyauta. A ciki, tsakanin silifa wari-wari da lemar da ba ta rufuwa, marigayiya na kwance ita da 'yar biyunta, kowacce a kwalinta, jikinsu ruwan gwal yana ɗaukar ido.

Mai Kanti da kansa ya taso daga bayan kanta ya dafa shi. "Yayana," in ji shi, "wannan ai ba ta kwando ba ce, kuskure aka yi aka zuba ta nan. Ɗauka kafin in canza ra'ayi. Wallahi har jikokinka sai sun yi aski da ita. In ta yi maka ko tari, dawo da ita, nan ai gida ne." Mai Aski ya fito da sauri yana waige, don a zatonsa shi ne ya cuci kanti. Maiɗakinsa ta jujjuya kwalin ta ce, "To, Allah ya sa alheri," da irin muryar da take yi in ta ga hadari kuma ga shanya a waje. Bai kula ta ba.

Ba za a ɓoye alherin mamaciya ba, ko da yake ta ci amana. Ba ta da waya, don haka ko an ɗauke wuta ita ko a jikinta. Tana da 'yar fitila shuɗiya mai nuna ƙarfin caji. Muryarta kuwa, wayyo muryarta! Wani lallausan "zuuuu" take yi, wanda ke sa manyan mutane gyangyaɗi har sai an tallafe musu haɓa. Mai Aski ya so ta so na tsakani da Allah. Yakan share mata haƙora da ɗan burushi, ya ɗiga mata mai, ya kwantar da ita a kan tawul nata na kanta. Ko aro bai taɓa ba da ita ba. Son nan ne ya rufe masa ido, ranar da mai sayen tsofaffin ƙarafa ya wuce da kurarsa, ya zazzage masa duk tsofaffin kilifofi masu waya da ke cikin durowa. A ganinsa mai tagwaye ba ya bukatar tsofaffi, tunda ga 'yar biyun can a saman kantar shago, ko ledarta ba a yage ba.

A nan ya zama dole a ambaci Baba, mahaifin Mai Aski, domin a kansa abin ya faru. Baba ne ya kafa shagon. Da hannunsa ya fara rawa, sai ya tsallake yayyen Mai Aski duka ya damƙa masa makulli. Baba ba ya yabo da baki. Yabonsa ɗaya ne a duniya: duk safiyar Asabar zai zo, ya cire hula, ya zauna, ya miƙa wa ɗansa kansa ba tare da ya ce a yi kaza ba. Tun da ya ajiye aiki, babu hannun da ya taɓa kan nan sai na Mai Aski. Da za a ce ya zaɓa tsakanin duk masu zuwa shagon da wannan kai guda mai furfura, ba zai tsaya tunani ba. Ranar da Baba ya fara ganin Zinariya, ya ɗora ta a tafin hannu ya jinjina, ya ce, "Ba ta da nauyi." Mai Aski ya ɗauka yabo ne.

Ciwon ajali ya fara a hankali. Jikinta ya riƙa ɗaukar zafi, muryar ta koma "garr-garr", wani lokaci ta ɗan fizgi gashi. Mai Aski ya yi ta kare ta, yana cewa gajiya ce, ko kuma gashin mutumin ne ya cika tauri. Ranar da abin zai faru, Baba ya zo cikin kayansa na fita, domin daga shagon zai wuce ɗaukar hoton sabon katin shaida, hoton da zai bi shi shekara da shekaru. Benci cike da masu jiran layi. Marigayiya ta faro daga ƙeya, ta haura gefen dama ta share shi tas, ta iso tsakiyar kai. Nan ta ce "ƙirrr", ta ce "ƙit", ta cafki wani curin furfura ta riƙe gam, ta yi shiru. Sai da aka ɓamɓare haƙoranta daga gashin, idon Baba na kawo ruwa. An girgiza ta, an hura mata iska, an buga ta a tafin hannu, an jona ta a wuta. Fitilar nan shuɗiya tana ta nuna caji a cike, wato har bayan ranta ya fita ba ta daina ƙarya ba.

Duk da haka Mai Aski bai karaya ba, har da murmushinsa. "Baba, kwantar da hankalinka, ai da 'yar uwarta." Ya taka kujera ya sauko da kwalin, ya yage leda a gaban kowa yana ɗaga ta sama don a gani. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, ya jona ta a wuta, sai warin ƙonewar roba ya cika shago. Ashe gawa ya sayo tun daga kanti, ya ajiye ta a saman kanta yana tinƙaho da ita. Reza kuwa likita ya hana a kai ta kan Baba saboda ciwon suga, almakashi kuma ba zai daidaita gefen da aka riga aka share har fata ba.

Baba ya daɗe yana kallon madubi, gefe ɗaya fes, gefe ɗaya kamar gonar da ba a nome ba. Ya ce, "Ina tsofaffin?" Mai Aski ya saci kallon durowa. "Har da baƙar nan tawa?" Mai Aski ya sunkuyar da kai. Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya miƙe da ƙyallen aski a wuyansa, hula a hannu, ya tsallaka titi a idon jama'a da rabin kai, ya shiga shagon Ɗan Gayu, yaron nan mai kiɗa da fitilu kala-kala wanda Baba ya sha cewa ba aski yake yi ba, zane yake wa mutane a ka. Ta taga Mai Aski ya ga an rage kiɗa, an durƙusa an gai da Baba, an kakkaɓe masa kujera. Daga baya mai faci ya kawo ƙyallen a ninke, ya ce Baba ya ce a ba shi kayansa.

Da yamma aka kai gawarwakin biyu kantinsu na haihuwa. Mai Kanti ya dubi Mai Aski sama da ƙasa ya ce, "Malam, me za a ba ka?" Yayana ya koma Malam. Ya janye tarin bokitai ya nuna wata 'yar takarda da ke liƙe a bayansu, wai kayan kwando ba a dawo da su. "Ai kai ka ce ba ta kwando ba ce!" in ji Mai Aski. "To a ina ka ɗauke ta?" in ji Mai Kanti. Har ya ƙara da cewa an kawo sababbi masu ruwan azurfa, zai yi masa ragi saboda zumunci. Mai Aski ya faɗi maganganun da ba za su shiga takardar ta'aziyya ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, sai da ya isa tasha ya lura yana rungume da faranti biyu da ya tsaya ya saya a bakin ƙofa, don an yi musu rangwame.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda mai ƙoshin lafiya wadda ba ta shiga bakin komai a gidan, da matajai na roba waɗanda tun tana raye ba su taɓa zama daram a kanta ba, da ɗan burushi, da kwalbar mai da ko rabi ba a sha ba. Ta bar kuma mai ita, wanda har yanzu in ya ji babur ya wuce da "zuuuu" sai gabansa ya faɗi. Ya yafe mata zafin jiki da fizgar gashi. Zaɓen kan da ta yi ta mutu a kansa ne ya kasa yafewa, alhali kawuna nawa suka wuce ta hannunta a makon.

Za a yi jana'izar tagwayen tare, kowacce a kwalinta, a kwandon shara da ke bayan shago, ranar Asabar da safe, tunda yanzu lokacin ba shi da mai shi. Ba a gayyaci Mai Kanti ba, kuma ba a bukatar fure, musamman na roba. Baba ya aiko a ce ba zai samu halarta ba, domin a daidai lokacin yana da layi a tsallaken titi. Saboda haka mai makoki yana roƙon masu zuwa gaisuwa, don Allah kada su zauna a benci. Su daure su tsaya a jere ta wajen taga, dogaye a gaba, su tare masa ganin tsallaken titi, har zuwa lokacin da Baba zai gama ya sa hularsa ya tafi.