Rasuwar Kwamfutar Sajan Yari, Mai Teku a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa masu cike da hayaniyar dattawa biyu da har yanzu suke nuna wa juna yatsa a falo, iyalan Sajan Yari mai ritaya, na garin Zuru, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsu. Ta cika ranar Asabar da la'asar, cikin wannan shekara ta 2006, a gaban mai jinyarta, Mama Saloma, matar Sajan.

Marigayiyar da tsufanta ta zo gidan nan. Ɗansu Markus ne ya kawo ta daga Legas, wai a riƙa koyon rubutu. Ko harafi ɗaya ba a taɓa rubutawa da ita ba. Faifan wasan yaƙi aka saka mata, irin wanda ake yi bi da bi kamar dara, sai ga teku ya buɗe a cikinta, da tsibirai da garuruwan gaɓa. Sajan, wanda ko a dam ba ya yarda ya taka kwalekwale, ya wayi gari shugaban sojan ruwa.

Abokin karawarsa shi ne amininsa Ndubuisi, mai shagon kayan babur a bakin kasuwa. Shi ɗan kasuwa ne har a cikin wasa, tashoshi yake ginawa, yana loda wa manyan jirage kaya. Sajan kuwa ƙananan jirage masu gudu ya tara. Sai ya laɓe bayan tsibiri, ya bar jiragen rakiya su wuce, ya faɗa wa jirgin kaya na ƙarshe, ya ƙone kwalekwalen masunta, ya arce kafin manyan su juyo. Shi yana kiran wannan dabarar yaƙi. Ndubuisi na kiranta fashi da makami, kuma ya faɗi haka har a harabar coci.

An shaidi marigayiyar da haƙuri da riƙon amana. Dokar wasan ita ce, in ɗaya na nasa, ɗayan ya fita ya tsaya gindin mangwaro. Ba ta taɓa nuna wa wani inda ɗan'uwansa ya ɓoye jirage ba. Ba kowa a unguwar nan za a yi wa wannan shaida ba.

Ciwon ajalinta ya fara da zazzaɓi. Fankar cikinta ta soma kuka, ƙiii, ƙiii, daga baya ta yi shiru. Aka cire mata murfin gefe don ta sha iska, aka ɗora Mama Saloma a kujera da mafici. Mai jinya ai ba ta fita, don haka ita kaɗai ke ganin jiragen kowa. Tun daga nan Ndubuisi ya fara zuwa da sabulu mai ƙamshi, Sajan kuma ya tuna cewa matarsa na da suna mai daɗi.

Mama Saloma na so duniya ta sani, ba ta faɗa wa kowa komai ba. In ta yi tari lokacin da hannun mutum ya nufi gabas, ai tsufa ne. In kuma ta ɗan taɓa hira da Rachel maƙwabciya a bakin rijiya, ba ita ta aiki Rachel shagon kayan babur ba.

Ranar Asabar ɗin, Sajan ya kwashi jiragensa kakaf, ya zagaya ta bayan tsibiri, zai afka wa babbar tashar Ndubuisi, wadda in ta faɗi wasa ya ƙare. Ruwa na shaaa, shaaa. Ya leƙa bakin tashar, ya ga abin da ya gani, ya daki tebur. Kofin kunu ya tuntsire cikin buɗaɗɗen cikin baiwar Allah. Ta ce tuuut, ta yi ɗan hayaƙi. Wadda ta ɗauki teku guda a ciki ba ta taɓa jiƙewa ba, kofin kunu ya tafi da ita.

Sajan ya rantse murna ce ta sa shi dukan tebur, wai tashar wayam ya same ta. Ndubuisi ya ce ƙarya ne, jiragen yaƙinsa na jere a wurin suna jiran ɓarawo.

Ta rasu ta bar talabijin ɗinta mai ƙaton ƙeya, da kibod da ya rasa haƙora biyu, da ɓera mai igiya, da sifika biyu, ɗaya bebe.

Japhet mai gyara ya duba gawar ya ce ƙwaƙwalwarta na da rai, in an dasa ta a wata na'ura za a ci gaba daga inda aka tsaya. Ndubuisi ya miƙe zai ɗauko babur, a je neman wata na'urar. Nan take Sajan ya ce a gidansa ba a farke gawa, yadda ta zo haka za ta koma.

Saboda haka za a yi jana'iza gobe bayan an taso daga coci. Za a naɗe ta da tsohon bargon soja, a sa a kwali, a tura ƙarƙashin gadon Sajan, shi kuma ya kwanta a kai. Mata masu zuwa gaisuwa su zauna kusa da Mama Saloma, wadda ta ga lokacin fitar rai da abin da ke bakin tashar. A shigo ta baya, don ƙofar falo ta ɓalle yanzun nan, Ndubuisi ne ya buga ta da zai fita.