Awakin da Ɗan Asabe Ya Zaɓa

"Ni Ɗan Asabe, in na aza hannu bisa gadon bayan dabba, sai in gaya maka abin da uwarta ta ci ran da ta haife ta."

Haka ya faɗa a rumfar mahauta ta kasuwar Talata Mafara, wuƙa a hannu, ƙuda na zagaya shi. Kuma kada mu ci haƙƙinsa, mutumin ya san nama, shekara talatin yana fawa. Ciwonsa ɗaya ne: duk dabbar da ya kalla, a rataye yake ganin ta.

Lokacin nan ne Malama Lantana ta kafa ƙungiyar mata a Bakura. Tsarinta ba wuya. A ba mace akuya ta kiwata, in ta haihu ta miƙa 'yar fari ga ta gaba a layi, saura duk nata ne. Mata goma aka fara rubutawa, yawancinsu masu riƙon marayu. 'Yan kasuwa suka ce da su za a yi. Mai injin casar shinkafa ya ɗauki dusa, mai shagon magani ya ɗauki allura. Wanda ya kawo awakin kuwa, shi za a naɗa uban ƙungiya: kujerar gaba a kowane taro, sunansa a lasifika.

Barau mai albasa ya fara ɗaga hannu.

"Sauke hannunka, Barau," in ji Ɗan Asabe. "Kai da ba ka gane gaban akuya da bayanta sai ta yi kuka? Kujerar nan da awona aka yi ta."

Ranar taro sai ga gogan naka a bayan a-kori-kura da awaki goma, kowanne kamar buhun gero, gashi na sheƙi. Aka yi gaisuwa har ta ishi kowa, aka tambayi gida, aka tambayi kasuwa, aka tambayi gajiyar hanya. Yana shirin zama kujerar gaba, sai wata tsohuwa cikin matan, Inna Hasana, wadda ta tashi cikin kiwo a Damaga, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin na farko. Ta leƙa na biyu. Ta bi su duk goma, sannan ta miƙe ta kakkaɓe zane.

"Malam Ɗan Asabe, wanga wane wata zai haihu?"

"Wanne?"

"Kowanne. Duk taure ne. Maza ne, kuma an dandaƙe su."

"Ai taure shi ne dabba, Inna! Ba wari, ga kitse, ga taushi. Taɓa cinyar nan ki ji."

"Ba miya muka roƙa ba, ɗan nan."

Da wani ne, da kunya ta sa ya nemi ƙofa. Shi kuwa shehin malamin awaki gyara hula ya yi. "Madalla. Gwada ku na yi, in ga ko kun san kiwo. Kun ci."

Lantana ta ce to, tunda an ci, kujera tana nan har mako mai zuwa, ga duk wanda ya kawo masu haihuwa.

Ranar kasuwar Maradun ya yi sammako, Barau na biye da shi a nesa. Wannan karon ya leƙa ƙasa, ya tabbatar mata ne. Amma hannun mahauci ba ya jin magana. Sai ya matsa gadon baya, ya kama gindin wutsiya, ya ware goma masu ƙiba kamar za su fashe. Dillali ya jawo masa wasu ramammu, ƙashin baya a fili, ciki kamar tulu, hantsa na neman taɓa ƙasa.

"Ɗauke mani waɗannan! In na yanka su, kare ma sai ya yi mani tsaki."

Barau ya matso. Shi bai san komai ba, kuma ya san bai sani ba. Ya ga ba sauran wasu, sai ya saye ramammun. Ɗan Asabe ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

A Bakura Inna Hasana ta sake durƙusawa. Ta buɗe bakin ta farko cikin na Ɗan Asabe ta duba haƙora, ta shafa hantsa.

"Wagga ta haura shekara huɗu, baki bai taɓa kama nononta ba. Juya ce. Mi kake zato ya sa ta ƙiba haka? Ba wanda ta taɓa shayarwa."

"Inna, ke da ni wa ya fi taɓa akuya?"

"Kai, bayan ta mutu."

Lantana ta raba gardama: a riƙe duka ashirin, a gani. Kafin wata biyu ramammun Barau suka fara zubo tagwaye. Na Ɗan Asabe suka cinye dusar mai injin casa, ɗaya ta ƙara da tabarmar taro. Haihuwa kuwa, ko atishawa. Aka naɗa mai albasa uban ƙungiya, Ɗan Asabe yana tsaye a rana yana jin sunan Barau a lasifika.

Bayan mako guda sai ga Lantana a rumfarsa. Ta ce ƙungiya ta zauna, ta naɗa shi mai ba da shawara. Duk ranar sayen awaki, shi zai raka Inna Hasana.

"Kun gani?" in ji shi ga mahauta. "Ilimi ba ya ɓuya."

Ya ɗinka babbar riga. Shekara guda yana shiga kasuwa yana nuni da sanda, wannan ta yi, waccan shara ce, Inna Hasana na gyaɗa kai, shi ya koma rumfa ta ƙarasa ciniki. Mata goma suka zama arba'in. Ranar taron shekara ya zagaya garken yana neman waɗanda ya zaɓa. Ko ɗaya.

"Malama Lantana, ina awakin da na nuna?"

Ashe lasifikar da ke hannunta a kunne take.

"Ai ba ma sayen su, Malam. Wadda ka nuna mu bar ta, wadda ka zaga mu saya. Kuma wallahi tun da muka fara, ba ka taɓa kuskure ba."